Daga Guna Zuwa Kasuwar Dole: Hattara Da Ƙananan Manhajojin Da Ake Loda Muku A Waya

Duk wanda ya san harkar saye da sayarwa a ƙasar Damagaram shekaru 25 da suka wuce, ya san cewa ɗan kasuwar da ke ƙauyukan Guna, cikin gundumar Mirya, ba ya sanin yadda ake sayar da tiyar gero a Kasuwar Dole ta birnin Zinder sai in ya hau mota ya je da kansa, ko kuma ya jira wani ya dawo ya ba shi labari. Sau da yawa kafin labarin ya iso farashi ya riga ya juya, mutum ya kai kaya ya tarar da kasuwa ta cika ta batse, ya sayar da faɗuwa ko ya sake biyan kuɗin mota ya komo da kayansa gida.

Wayar salula ce ta kawo ƙarshen wannan wahala. Ta fara shiga Jamhuriyar Nijar a shekarar 2001, kuma wata malamar tattalin arziki 'yar ƙasar Amurka mai suna Jenny Aker, wadda ta bi diddigin kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa a fili yake: ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance.

To amma wayar wancan lokaci kira kawai take yi sai ɗan saƙo. Wayar yau kuwa, wadda ake shafa fuskarta da yatsa, ta zama rumfa ta biyu. A cikinta Hajiya ke aika hoton atamfa da turaren wuta ga masu saye, a cikinta mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ke karɓar odar biki da saƙon murya ko da ba ta yi boko ba, a cikinta kuma dillalin dabbobi ke jin yadda kasuwar Maigatari ta ci ranar Alhamis. Uwa uba, ta cikinta kuɗi ke shiga suna fita. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: duk waɗannan ƙananan manhajoji da suka cika wayar, wa ya sa su, wa ya ƙera su, kuma me suke yi a lokacin da mai wayar yake barci?

Abin da maginan shafukan intanet suka riga mu gani

Masu sana'ar gina shafukan intanet, wato waɗanda kamfani ko ƙungiya ke ɗauka su yi mata shafi, sun daɗe da sanin daɗi da ɗacin irin waɗannan ƙananan manhajoji, tun kafin wayar shafawa ta zo hannun talaka. Yana da kyau ɗan kasuwa ya ji labarinsu, domin abin da ya same su a kan kwamfuta shi ne yake bibiyar mu yau a cikin aljihu.

Iri uku suka fi mu'amala da su. Na farko su ne waɗanda ake maƙala wa burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita kamar Firefox da Chrome. Burauzar tana zuwa da aikinta na asali, sai mutum ya ɗauko wani ɗan ƙari ya maƙala mata domin ta riƙa toshe talla, ko fassara shafi, ko sauke bidiyo. Na biyu su ne waɗanda ake ƙara wa shafin kansa. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003 kuma a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta aka gina su, tana da dubun-dubatar irin waɗannan ƙari: wannan ya sa wa shafi kwandon sayayya, wancan ya jera hotunan kaya. Na uku kuma su ne 'yan allunan da ake liƙawa a gefen fuskar kwamfuta, ɗaya agogo, ɗaya yanayin gari, ɗaya canjin kuɗi.

Akasarinsu kyauta ne, kuma babu shakka suna rage wahala. Aikin da zai ci wa magini mako guda, sai ya gama shi cikin minti biyar. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu tamkar yaron shago ne da aka ɗauka ba tare da an san gidansu ba, aka kuma miƙa masa mabuɗi. Wanda aka maƙala wa burauza, alal misali, yakan nemi izinin karanta duk abin da ke kan kowane shafin da mutum ya buɗe, har da na bankinsa.

Rumfa kan canza hannu, allon suna bai canza ba

Darasi mafi girma da maginan suka koya shi ne cewa manhajar kirki tana iya zama ta banza dare ɗaya, alhali sunanta da tambarinta suna nan yadda aka san su.

Akwai wata da ake kira The Great Suspender, wadda ake maƙala wa Chrome. Aikinta shi ne ta kwantar da shafukan da mutum ya buɗe ya bari domin kada kwamfuta ta yi nauyi. Ta yi shekaru tana aiki lafiya lau, har masu amfani da ita suka haura miliyan 2. A watan Yunin 2020 wanda ya ƙirƙire ta ya ba da sanarwar cewa ya miƙa ta ga wani sabon mai ita wanda ba a bayyana ko wane ne ba. Ba a daɗe ba masana suka lura an cusa mata wani abu da ke ba ta damar karɓo umarni daga wani wuri na waje ba tare da sanin mai kwamfuta ba. A watan Fabrairun 2021 kamfanin Google ya cire ta daga kantinsa, ya kuma kashe ta a kwamfutocin jama'a, yana mai cewa tana ɗauke da cuta.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya sake sauke komai. Irin waɗannan manhajoji da kansu suke sabunta kansu cikin shiru. Mutum ya kwanta da amintaccen yaro, ya wayi gari da baƙon da bai taɓa gani ba, sanye da rigar yaron.

Haka zalika a 2017 an yi irin wannan da wata ta WordPress mai suna Display Widgets, wadda ke kan shafuka kusan 200,000. An saye ta daga hannun mai ita na asali, sabon mai ita kuma ya buɗe mata ƙofar baya da yake bi yana liƙa tallace-tallacen da ya ga dama a shafukan mutane. Wayon da aka yi shi ne, idan mai shafin ya shiga da sunansa ba ya ganin komai, sai baƙi ne ke gani. Kamfanin tsaro na Wordfence ne ya fallasa lamarin a watan Satumba na wannan shekara, aka cire ta gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zaman kasuwa ya san kwatankwacin wannan. Alhaji wane ya yi shekara 30 yana sayar da man ja mai kyau, ya tsufa ya sayar da rumfar, wanda ya saya ya bar allon sunan Alhaji a sama yana ta auna wa mutane gauraye. Kafin a farga, ya ci kasuwarsa da sunan wani.

Wanda ya ba ka aron tabarma yana iya naɗe abarsa

Darasi na biyu shi ne cewa abin da aka ba ka kyauta ana iya janye shi ranar da aka ga dama. Kamfanin Microsoft ya shigo da 'yan allunan gefen fuska a cikin Windows Vista a 2007, jama'a suka yi ta liƙawa suna jin daɗi. A watan Yulin 2012 kamfanin da kansa ya fito ya shawarci kowa ya kashe su, domin an gano ɓarayin intanet na iya bi ta cikinsu su mallake kwamfuta. Google ma ya rufe shafinsa na iGoogle, wanda mutane ke jera irin waɗannan alluna a kai, a watan Nuwamban 2013. Sannan a Nuwamban 2017 Firefox ta sake tsari, ɗimbin tsofaffin ƙarin da mutane suka saba da su suka daina aiki rana ɗaya.

Ga ɗan kasuwa ma'anar wannan a taƙaice take. Idan littafin bashinka gaba ɗaya yana cikin wata 'yar manhaja ta kyauta da ba ka san mai ita ba, to ranar da ta ƙi buɗewa, ko waya ta faɗa kwata, ba ka da hujjar da za ka nuna wa wanda ka ba buhu biyar na wake bashi. Waya ta taimaka, amma littafi da biro su zauna a rumfa.

Yadda abin ya sauko cikin wayar 'yar kasuwa

Mai karatu zai iya cewa shi ba shi da kwamfuta balle shafin intanet, ina ruwansa? Ruwansa kuwa yana nan, domin hanyar da manhaja ke shiga wayoyinmu ta fi ta maginan shafuka haɗari nesa ba kusa ba.

A garuruwa irin su Guna, inda kuɗin data ke da nauyi a aljihu kuma rezo ke zuwa yana ɗaukewa, mutane ƙalilan ne ke sauke manhaja daga kantin Play Store da kansu. Abin da aka saba shi ne, in an sayi waya a Zinder ko an kawo ta tsaraba daga Kano, sai a miƙa wa yaron da ke teburin caji ko mai tura waƙoƙi da finafinai a ce ya zuba mata kaya. Shi kuma ya buɗe Xender ya turo duk abin da ke wayarsa, wanda shi ma wani ne ya tura masa. Yaron ba mugunta yake nufi ba, neman na abinci yake yi, amma shi kansa bai san hannu nawa manhajar ta bi kafin ta zo gare shi ba, bai kuma san abin da aka cusa mata a hanya ba.

Babban misali shi ne jabun WhatsApp, irin su GB WhatsApp da FMWhatsApp da YoWhatsApp. Jama'a na son su saboda suna ba da damar ɓoye cewa an karanta saƙo, da ganin saƙon da aka goge, da canza kala. Amma ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, kuma kamfanin ya sha gargaɗin cewa yana iya rufe lambar duk wanda ke amfani da su. A watan Agustan 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano wata cuta mai suna Triada a cikin wani zubi na FMWhatsApp, wadda ke iya karanta saƙonnin da ke shigowa waya ta kuma yi wa mutum rajistar ayyukan da ake cirar kuɗi ba da saninsa ba. A watan Oktoban 2022 aka sake gano irinta a cikin YoWhatsApp. Saboda haka idan uwargida ta ga tana sa kati yana zurarewa ba ta kira kowa ba, kafin ta ɗora wa kamfanin waya ko 'ya'yanta laifi, ta fara duba baƙin da ke zaune a cikin wayar.

Ko kantin Play Store ɗin ma ba a ce ba a taɓa samun ɓaraka a cikinsa ba. A watan Agustan 2019 an gano cuta a cikin CamScanner, manhajar ɗaukar hoton takardu da aka sauke fiye da sau miliyan 100. Cutar ta shigo ne ta ɓangaren talla da wani kamfani na daban ya samar, aka cire manhajar na ɗan lokaci har sai da aka tsabtace ta. A watan Agustan 2020 kuma kamfanin Upstream ya ba da rahoton samun Triada a cikin wayoyi 53,000 ƙirar Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru, tun daga cikin kwali. Kamfanin Transsion mai ƙera Tecno ya ce matsalar ta fito daga wani mai kawo masa kaya ne, kuma ya fitar da gyara. Bambancin shi ne, abin da ya fito daga kanti sananne in an gano aibinsa akwai mai cire shi ko gyara shi. Wanda aka turo ta Xender kuwa ba shi da uban da za a kai wa ƙara.

Izini shi ne mabuɗi

Duk manhajar da aka sa a waya takan yi tambaya kafin ta fara aiki: a ba ta damar ganin lambobin mutane, ko hotuna, ko saƙonni, ko wurin da mutum yake. Da yake tambayar da Faransanci ko Ingilishi take zuwa, yawancinmu danna amincewa kawai muke yi domin mu wuce. To wannan dannawar ita ce miƙa mabuɗi.

Mafi haɗari shi ne izinin karanta saƙonni, domin ta saƙo ne banki da kamfanin aika kuɗi da WhatsApp ke turo lambar sirri ta wucin gadi da ke tabbatar da cewa kai ne. Wanda ya ga wannan lamba ya zama kai. Idan lambar WhatsApp ɗin Hajiya ta faɗa hannun ɓarawo, ba zai tsaya ɓata lokaci ba, zai bi abokan cinikinta ɗaya bayan ɗaya da hotonta da sunanta yana cewa a turo masa jaka 50 kafin gobe kaya sun maƙale a hanya. Waɗanda suka tura, saboda mutuncinta suka tura, kuma ita za su zo nema.

Izinin ganin lambobin mutane ma ya jefa dubban jama'a cikin kunya a Nijeriya ta hanyar manhajojin ba da bashin gaggawa. Mutum ya ci bashin da bai taka kara ya karya ba, ya yi jinkirin kwana biyu, sai a bi surukansa da limamin unguwarsu da abokan cinikinsa da saƙon cewa shi macuci ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, kuma daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Sai dai wannan hani bai shafi waɗanda ke yawo daga waya zuwa waya a bayan kanti ba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: a auna abin da manhaja ta roƙa da aikin da ta zo yi. Fitilar waya ba ta da hurumi da lambobin mutane, kamar yadda mai kawo ruwa ba shi da hurumi da ɗakin ajiya.

Masu ciniki da kuɗi biyu

'Yan kasuwar Damagaram suna da ƙarin dalilin yin hattara, saboda da yawansu ƙafa ɗaya a sefa take, ɗaya a naira. Tun zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19 fatake ke kai da kawowa tsakanin Damagaram da Kano, kuma har gobe wake da riɗi da dabbobi na gangarawa kudu ta Magariya da Matamaye, kayan masarufi na haurowa. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya tilasta wa ɗimbin 'yan kasuwa komawa ga manhajoji irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 kuma ya ƙara sa mutane dogaro da waya wajen biyan wanda ba za su iya zuwa wurinsa ba. A ɓangaren Nijar kuwa ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, ga kuma asusun da ke kan layukan waya.

Ke nan waya ɗaya tana iya ɗauke da ƙofofin kuɗi uku ko huɗu, kuma a gefensu ga jabun WhatsApp, ga manhajar sauke finafinai, ga wasannin da yara suka zuba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓarawo ba ya wahalar da kansa wajen fasa manhajar kuɗi wadda aka kashe dukiya wajen tsare ta, ta wurin maƙwabciyarta marar gata yake bi.

Abin da ya kamata a yi

Maginan shafuka da suka sha wuya sun koma kan wata al'ada: ba sa ƙara komai sai da larura, kuma lokaci-lokaci sukan zauna su ƙirga abin da suka sa, su cire wanda ba ya aiki. Ɗan kasuwa ma zai iya yin haka ko da bai iya karatu ba. A samu ɗa ko ƙane amintacce, a zauna tare ranar da ba kasuwa, a bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba a san amfaninta ba, ko aka yi wata uku ba a buɗe ba, a goge ta.

Manhajar kuɗi kuwa, kada a yarda a turo ta daga wayar wani. A sauke ta daga Play Store, ko a je ofishin kamfanin a Zinder ko Mirya ma'aikacinsu ya nuna ta gaskiya, kuma mai waya shi zai danna lambar sirrinsa da hannunsa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. A cire jabun WhatsApp a koma na asali, sannan a kunna matakin tsaro na biyu da ke cikinsa, wanda ke neman wata lamba shida da mutum ya zaɓa da kansa. Duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da ta shigo yanzu, ko da ya ce daga kamfani yake, ko ya ce tallafi za a ba da, a kashe wayar kawai.

Idan za a bar waya a teburin caji ko wurin mai gyara, a tabbatar tana kulle, in da hali a cire layin a riƙe. Wanda Allah Ya hore wa kuma, ya ware ƙaramar waya ta daban domin harkar kuɗi kaɗai, ya bar babbar ga hira da kallo da wasan yara. Kuɗin ƙaramar waya bai kai asarar buhu ɗaya ba.

Matan karkara ba baƙi ba ne ga irin wannan tsantseni. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu har wajen Nijar, an san su da akwatin asusu mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Macen da ba ta yarda mutum ɗaya ya riƙe mabuɗan asusun ƙungiya ba, bai kamata ta bar manhajar da ba ta san asalinta ba ta riƙe na jarinta.

Daga ƙarshe, akwai kira ga shugabannin 'yan kasuwa na Kasuwar Dole da na Mirya da sauran kasuwannin ƙauye, da gidajen rediyon al'umma, da su riƙa ware lokaci suna wayar da kan jama'a da harshen Hausa a kan wannan batu. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder da suka karanci kwamfuta su ma suna da rawar takawa idan sun je hutu garuruwansu. Haka nan matasan da ke teburin caji, waɗanda su ne ƙofar da manhaja ke bi ta shiga ƙauye, ya kamata a jawo su a jiki a koya musu bambance ta gaskiya da ta jabu, domin gyaran mutum ɗaya daga cikinsu gyaran wayoyi ɗari ne.

Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci, Ya ba da kasuwa mai albarka.